Tarihin Bukukuwan Gari da Abincinsu a Ƙasar Filifin

Ƙasar Filifin, wadda ta ƙunshi tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, ta yi suna da abin da ake kira fiesta, wato bikin shekara-shekara na gari ko ƙauye, wanda a cikinsa ake jerin gwano da kaɗe-kaɗe a tituna, a kuma buɗe ƙofofin gidaje a ciyar da duk wanda ya shigo, ɗan gari ne ko baƙo. Mai kallo daga nesa kan ɗauka cewa haka bukukuwan suke tun kaka da kakanni, alhali ragamarsu ta sauya hannu sau da dama, daga sarakuna da masu tsafin gargajiya zuwa limaman cocin Katolika, daga nan kuma zuwa hukumomin birane da ma'aikatar yawon buɗe ido. Abin da ya tsira daga duk waɗannan sauye-sauye shi ne wajibcin ciyarwa, kuma ta wurin tukunya ne mutanen ƙasar suka mayar da bikin nasu.

Kafin zuwan Turawa, jama'ar tsibiran suna zaune ne a ƙananan al'ummu da ake kira barangay, kowace a ƙarƙashin shugaba mai laƙabin datu, kuma suna da liyafu na girbi da aure da neman waraka, waɗanda masu tsafi, galibinsu mata, ke jagoranta. Antonio Pigafetta, wanda ya rako ayarin Ferdinand Magellan a 1521, ya rubuta yadda sarakunan yankin suka karɓe su da shinkafa da kifi da naman alade da giyar kwakwa, ya kuma bayyana yadda tsofaffin mata a tsibirin Cebu suke rawa a gaban alade kafin a soke shi. Haka nan limamin coci Juan de Plasencia, a bayanin da ya yi kan al'adun ƙabilar Tagalog a 1589, ya ambaci wani biki mai suna pandot da ake yi a babban gidan shugaba, ana kunna fitilu ana kaɗa ganguna har kwana huɗu. A wannan tsari martabar shugaba tana rataye ne da yawan mutanen da ya iya ciyarwa.

Mulkin Sifaniya ya kafu da zuwan Miguel López de Legazpi Cebu a 1565 da kame Manila a 1571, kuma babbar matsalar da masu mulkin suka tarar ita ce jama'a a warwatse suke a bakin koguna da gonaki, ga kuma limamai 'yan kaɗan. Saboda haka aka ɓullo da tsarin reducción, wato tattara mutane a sababbin garuruwa da aka gina kewaye da coci da dandali, ta yadda kowa zai kasance inda yake jin ƙararrawa. Da yake manoma da yawa sun ƙi rabuwa da gonakinsu, sai limaman suka ba kowane gari waliyyi majiɓinci, suka mai da ranarsa lokacin shagali mai ɗauke da jerin gwano da wasan kwaikwayo da kiɗa, domin ko wanda ya ƙi tarewa a gari ya shigo aƙalla sau ɗaya a shekara. A hankali tsarin ya zauna: kwana tara na addu'o'i kafin ranar, babbar ibada da safe, zagaya gari da mutum-mutumin waliyyi, sannan liyafa a gidaje. Nauyin hidimar kuwa yakan hau kan wani mai hali da ake zaɓa kowace shekara, wanda ake kira hermano mayor, kuma a wannan muƙami ne tsohuwar al'adar shugaba mai ciyarwa ta sami sabuwar riga.

Abincin bikin ya taru ne daga hanyoyi uku. Ta farko ita ce girkin gida, wanda ya dogara da shinkafa da kifi da kwakwa da ruwan khal, domin a ƙasa mai zafi da laima tsami da gishiri ne ke hana nama lalacewa. Wannan dahuwa ta nama cikin khal ce Sifaniyawa suka tarar suka sa mata sunan adobo, kamar yadda ƙamus ɗin Pedro de San Buenaventura na 1613 ya nuna. Ta biyu ita ce jiragen fatauci da suka yi zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco ta ƙasar Meziko daga 1565 zuwa 1815, waɗanda suka kawo tumatir da barkono da masara da dankali da gwanda da abarba da koko. Ta uku ita ce fataken Sin, waɗanda aka kafa wa unguwar Binondo a Manila a 1594, kuma ta hannunsu aka sami taliyar da ake kira pancit da naɗin lumpia da romon waken suya, wanda daga baya ya shiga cikin adobo. Sarkin teburin biki dai shi ne lechon, alade sukutum da ake sokewa da gora a yi ta juyawa bisa garwashi na tsawon sa'o'i har fatar ta yi ja ta yi ƙaras. A Cebu ana cusa masa ganyaye masu ƙamshi da albasa da tafarnuwa, a tsibirin Luzon kuma ana cinsa da miyar hanta. Marubuciya Doreen Fernandez, wadda ta rasu a 2002, ta nuna a bincikenta cewa masu girki na ƙasar sukan karɓi abincin baƙi su sarrafa shi da kayan gida da ɗanɗanon gida har ya zama nasu.

Garin Lucban na lardin Quezon ya fi kowane wuri nuna yadda abinci ya zama bikin kansa. A ranar 15 ga Mayu ake bikin Pahiyas don godiya ga San Isidro Labrador, waliyyin manoma, kuma bisa abin da mutanen garin suke faɗa, da can manoma kan kai amfanin gona coci a sa masa albarka, da ya yi yawa sai aka koma baje shi a ƙofar gida limami ya bi yana sa albarka. A yau ana lulluɓe fuskar gida baki ɗaya da zangarniyar shinkafa da kayan lambu da kiping, wato ƙullun shinkafa mai launi da ake shafawa a kan ganye, a turara, a shanya, a ɓare shi ya fito da siffar ganyen, sannan a jera shi ya zama kamar fitila mai rassa. Bayan biki akan gasa kiping ko a soya a ci, a titi kuma ana sayar da taliyar habhab a kan ganyen ayaba, wadda ake kaiwa baki kai tsaye ba cokali.

Bukukuwan sun sha suka tun da wuri. Marubuci José Rizal, a littafinsa Noli Me Tángere na 1887, ya zana bikin gari a matsayin fagen da ake ƙona dukiyar talakawa don faranta wa limamai da masu kuɗi, kuma a shekarun 1960 Sanata Raul Manglapus ya yi fafutukar rage almubazzarancin da ke sa iyalai cin bashi don liyafar yini ɗaya. Duk da haka al'adar ba ta ja da baya ba. Amurka, wadda ta karɓi ƙasar daga Sifaniya a kan dala miliyan 20 bisa yarjejeniyar Paris ta 1898, ta ƙara wani salo da bikin baje koli na Manila da aka fara a 1908, wanda ya shigo da gasar sarauniyar kyau da motocin ado, abubuwan da suka zama jiki a bukukuwan gari.

Mafi yawan manyan bukukuwan da duniya ta sani a yau 'yan baya-bayan nan ne. Bikin Ati-Atihan na garin Kalibo, inda mahalarta ke shafa baƙin gawayi, tsoho ne, amma labarin da ake jingina shi da shi, na sarakuna goma daga Borneo da suka sayi tsibirin Panay, ya yaɗu ne daga littafin Maragtas na Pedro Monteclaro na 1907, kuma masanin tarihi William Henry Scott ya nuna cewa littafin ba tsohuwar takarda ba ce ta kafin zuwan Turawa. Bayan kafa ma'aikatar yawon buɗe ido a 1973, birane suka shiga tseren kafa nasu bukukuwan. Jerin gwanon Sinulog na Cebu, wanda ke girmama mutum-mutumin Santo Niño, wato Yesu yana yaro, da Magellan ya bai wa matar sarkin Cebu, an fara shi a 1980. A wannan shekara ce Bacolod ta ƙirƙiro MassKara, bikin rufe fuska da fuskoki masu murmushi, bayan faɗuwar farashin sukari da nutsewar jirgin ruwa Don Juan. Kadayawan na Davao ya sami sunansa a 1988, Panagbenga na Baguio kuma, bikin furanni, ya biyo bayan girgizar ƙasar 1990 da ta ragargaza birnin.

Wannan tarihi bai haɗa da kowa ba, domin Musulmin Mindanao da Sulu, waɗanda Musulunci ya iso musu tun ƙarni na 14 kuma suka daɗe suna tirjiya ga Sifaniya, sun riƙe nasu liyafun, irin su kanduli na ƙabilar Maguindanao da pagana na ƙabilar Maranao. Abincinsu ba ya ɗauke da alade. Ya dogara da naman sa da kaza da kurkum da madarar kwakwa, kamar tiyula itum na ƙabilar Tausug, farfesun da ƙonanniyar kwakwa ke mayarwa baƙi. Sai a 2002 aka mai da Ƙaramar Sallah hutun ƙasa, Babbar Sallah kuma a 2009.

Ƙaura ta kai bikin ƙetare. Tun da gwamnati ta tsara tura ma'aikata waje a 1974, miliyoyin Filifinawa suka bazu a Gabas ta Tsakiya da Turai da Amurka, inda ranar 'yancin kai ta 12 ga Yuni ta zama babbar ranar taro, domin ita ce ke haɗa mutanen da garuruwansu da harsunansu suka bambanta, kuma a irin jerin gwanon da ake yi a New York rumfunan abinci ne ke jan jama'a. A gida ma hukuma ta amince da matsayin al'adu da abinci: a 2003 aka ayyana Mayu watan kayan gado na ƙasa, a 2018 aka ayyana Afrilu watan abincin Filifin, a 2023 kuma hukumar UNESCO ta sa birnin Iloilo cikin jerin biranen da suka yi fice a fasahar girki.