Maganaɗisu ko Mayen Ƙarfe?

Wanda ya ji "maganaɗisu" zai zaci 'yar'uwar "magana" ce. Ko kusa. Daga Larabci muka aro ta, "magnaɗis", su kuma Larabawa a bakin Girkawa suka tsince ta, waɗanda suka danganta wani dutse mai fizgar ƙarfe da yankin Magnesiya.

Bahaushe kuwa ya raɗa wa abin nasa sunan: mayen ƙarfe. Ni dai wannan ya fi burge ni, don yadda aka ce maye na kama kurwa, haka shi ma yake cafke allura. Sai dai kalmomin biyu sun raba aiki. Yaron da ya fasa tsohuwar lasifika, mayen ƙarfe yake nema. Marubucin soyayya kuwa maganaɗisu yake gani a idon budurwa. Wa zai kira ta mayya ya kwana lafiya?

A aji kuma, sunan Michael Faraday ke biyo kalmar. Ɗan maƙeri ne a Ingila, ya fara da koyon ɗinkin littattafai. A 1831 ya nuna cewa motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya na haifar da lantarki. Da wannan dabarar janaretan da ke ruri a unguwarku yake aiki.