Tana da danginta

Tana da matsattsaku suna cikin rukunin tsutsotsi masu gaɓoɓi, wanda masana ke kira Annelida. Jikinsu zobe-zobe ne a jere, ba ƙashi. A tana, ruwan da ke cikin kowace gaɓa shi ke tokare jikin, tsoka ta matse shi, dabbar ta miƙe ko ta takure.

A Katsina ana cin karo da tana a danshin lambunan Ƙofar Marusa, musamman da damina, ko in mai lambu ya kafta fartanya a gindin latas. Ba ta da ido, ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, shi ya sa in rana ta busar da ita take mutuwa, in rani ya yi kuma ta nutsa can ƙasa. Jininta ja ne, yana gudana cikin jijiyoyi. Kowace tana na da al'aurar namiji da ta mace, amma galibi sai biyu sun haɗu, sannan wani kauri mai kama da ɗamara da ke jikinta ya fitar da kwanson da ƙwai ke ciki. Ramukanta suna shigar da iska da ruwa cikin ƙasa, kashinta kuwa taki ne mai kyau, aikin da Charles Darwin ya rubuta littafi a kansa a 1881.

A daɗaɗɗen rabo, rukunin Annelida gida uku ne: Polychaeta, yawancinsu mazauna teku, Oligochaeta, gidan tana, sai Hirudinea, gidan matsattsaku, wanda yawun masu shan jini daga cikinsu ke hana jini daskarewa.