Tabon Zubi a Matsayin Shaidar Tarihi: Nazari a Kan Tsofaffin Kasaken Ƙarfe na Amurka

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda ake gane shekarun tukunya ko kaskon ƙarfen zubi, da kuma sahihancinsa, ta hanyar tabon da aikin zubi ya bari a jikinsa. Mun ɗauki misalanmu daga Amurka, inda tsofaffin kasake suka zama kayan tarihi masu tsada, har 'yan jabu suka shigo cikin sana'ar.

Asalin al'amarin daga Ingila yake. A shekarar 1707 Abraham Darby ya sami takardar mallakar wata dabara ta zuba tukwane cikin mazubin rairayi, maimakon na yumɓu. A wannan dabara akan danna samfurin tukunya cikin danshin rairayi, a cire shi, sa'an nan a kwarara narkakken ƙarfe cikin gurbin da ya bari. To, dole ƙarfen ya sami ƙofar shiga, kuma in ya huce aka karye abin da ya daskare a ƙofar, sai tabo ya saura. A tukwanen da suka fi tsufa tabon kewayayye ne kamar cibiya. Daga baya ya koma dogon layi mai tudu a gindin kasko. Wajen 1890 manyan masana'antu suka mayar da ƙofar zuwa leɓen kasko, inda ake goge tabon da dutsen wāshi. Saboda haka layi a gindi yakan nuna aikin ƙarni na 19, ko da yake ƙananan maƙera sun daɗe ba su bar tsohuwar hanya ba.

Sai kuma rubutu. Kamfanin Griswold na garin Erie, a jihar Pennsylvania, wanda tushensa ya faro a 1865, da fari sunan garin kurum yake sawa, watau ERIE. Daga baya ya zo da tambarin gicciye cikin da'ira. Wagner kuwa an kafa shi a Sidney ta jihar Ohio a 1891. Lambar da ke jikin kasko, kamar 8, ba awon faɗinsa ba ce, girman bakin murhun itacen da zai zauna a kai ne. Akwai kuma lambar samfuri: kaskon Griswold mai lamba 8 yana ɗauke da 704. A 1957 aka rufe masana'antar Erie, aka ci gaba da zuba kayan Griswold a Sidney ba tare da sunan Erie ba. Rashin kalma guda ke nan ya raba zamani biyu.

Amma a ganina, wanda ya dogara ga suna kaɗai ya yi sake, domin suna shi ne abin da ya fi sauƙin sata. Ɗan jabu ba shi da samfurin kamfani, sai dai ya danna kasko na ainihi cikin rairayi ya zuba nasa. Mai karatu da ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwanninmu ya san wannan aiki, don su ma tukunya ce samfurinsu. Sai dai ƙarfe yana tsukewa in ya huce, kimanin kashi 1 cikin 100. Masana'anta takan yi samfurinta da ɗan ƙari don ta cike wannan gibi. Ɗan jabu kuwa kwafinsa kullum yakan gaza na asali girma. Haruffansa sukan fito a dusashe, jikinsa da kaushi da nauyi, alhali kuwa Griswold da Wagner sukan goge cikin kasakensu har ya yi sumul. Babbar shaida ita ce saɓani tsakanin tabo da suna. In aka ga tambarin gicciye, wanda na ƙarni na 20 ne, tare da dogon layin zubi a gindi, to, tabon ya ƙaryata sunan, kuma tabon za a gaskata.

Duk da haka ba kowane kwafi ne jabu ba. Masana'antar Wapak ta Ohio, wadda ta yi aiki daga 1903 zuwa 1926, ana samun kasakenta da inuwar kalmar ERIE a gindi, alamar cewa da kaskon Griswold aka yi samfurin, aka cike haruffan amma ba su ɓace sarai ba. Irin wannan kasko tsoho ne na gaske, kuma sunan Wapak yake ɗauke da shi a fili. Masu tara kayan tarihi suna nemansa saboda inuwar nan, domin ita ce ke nuna yadda masana'antun wancan zamani suke aron siffar kayan juna.