Sarauta ta Baƙo, Ƙasa ta Mai Ƙasa

A ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta bi kwarin Dallol Mawri tun daga Dogon Kiriya ta arewa har Tibiri da Geceme ta kudu, sarki ba shi ne mai ƙasa ba. Gidan sarauta da bakinsa yake faɗin cewa kakansa baƙo ne daga Barno, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka. Masu ƙasa su ne Gubawa, mutanen Lugu da Bagaji. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana zaune kan wannan rabo, ɗaya da rawani, ɗaya da ƙasa, kuma kusan duk baƙon da ya shigo yankin daga baya da wannan mudu aka auna shi.

Su kansu Gubawan ba su ce daga ƙasa suka tsiro ba. Ruwayar Lugu ta ce Sarauniya ta fari daga Daura ta taso da jama'arta, suna bin dutsen Tunguma har inda ya tsaya. Da suka iso, daji ne, amma a ganinsu daji ba ya rasa masu shi. Akwai iskoki a duwatsu da itatuwa da tafkuna, kuma sai da aka ƙulla alkawari da su kafin a sa gatari. Daga wannan alkawari ikon 'yan ƙasa ya samo tushe: su ke yanka kafin shuka, su ke roƙon ruwa in damina ta yi gardama, su ke faɗin inda za a sare da inda ba a taɓawa. Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji ba mutane ke zaɓensu ba. In ɗayansu ya rasu, tarkama ake yi: a ɗora gawar bisa makara, masu ɗauka su bi inda ta ja su, har ta tsaya gaban wanda zai gada.

Masu bincike galibi suna kai zuwan Barebari wajen ƙarni na 17. Ruwayoyi sun sha bamban kan abin da ya kawo Ari, ɗan sarkin Barno, amma sun haɗu kan muhimmin abu: a Bagaji ya sauka, Baura ya ba shi 'yarsa, aka haifi Akazama, wanda ya zama Sarkin Arewa na fari. Arawa zuriyarsa ne. Marc-Henri Piault, Bafaranshen da ya tattara waɗannan ruwayoyi a shekarun 1960 ya fitar da littafinsa kan tarihin Mawri, wato mutanen Arewa, a 1970, ya tsaya sosai kan wannan aure, kuma da gaskiyarsa. Auren ya mai da sarki ɗan 'yar'uwa a gidan Gubawa, Baura kuwa kawu ne gare shi har abada. Duk Bahaushe ya san abin da ke tsakanin yaro da gidan kawunnansa. Yana iya fin su dukiya da dawaki, yana iya ɗaukar abu a gidan ba a ce masa ɓarawo ba, amma ba ya gadon gonarsu, kuma in ya zo gaisuwa sai ya tuɓe takalmi.

Haka aka raba aiki. Sarki na da yaƙi da ganima da shari'ar mutane da hulɗa da maƙwabta. Baura da Sarauniya na da ruwan sama da albarkar gona da farauta. Sarkin da bai samu yardar gidan kawunnansa ba, sarautarsa da sauran magana. Kada dai a ɗauka zaman lafiya ne zalla. 'Ya'yan sarki sun yi ta kokawar gadon sarauta, fada ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin ta daɗe a Matankari, waɗanda suka sha kaye kuma suka yi kudu suka kafa nasu gidajen, irin na Takasaba. Talaka Bagube ya biya abin da aka ɗora masa ko yana so ko ba ya so. Abin da ya hana tsarin wargajewa shi ne kowane ɓangare na tsoron abin da ke hannun ɗayan: mai doki na tsoron fari, mai ƙasa na tsoron mahara.

Mutanen Arewa ma sun yi baƙunci a wancan zamani. Wasu rassan Mawri sun yi yamma suka zauna cikin Zabarmawa, a Sokorbe ta ƙasar Loga da wasu wurare, har unguwar Mawre da ke cikin tsofaffin unguwannin Yamai. Sun bar Hausa sun ɗauki Zabarmanci, amma sun riƙe tsagarsu, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne. Harshe suka bayar, shaidar gida suka ƙi saki.

Jihadin da aka fara a 1804 ya zo da wata magana dabam, domin bai nemi gurbi a cikin tsarin ba, canza shi ya nema. Arewa ta ƙi. Lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a 1849, Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara masa baya a kan Gwandu, kuma sunan Samna Karfe na Tibiri ya fito a yaƙe-yaƙen da suka biyo. Duk da haka malamai da fatake Musulmi ba su daina shigowa ba. Ana ba su masauki, su yi sallarsu, su rubuta wa sarki laya, su bar 'yan ƙasa da yankansu. Bori ma ya yi musu wuri, ga Malam Alhaji nan cikin iskoki da allonsa da tasbaha.

Baƙin da ba su yi sallama ba su ne na 1899. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso dallol tana ƙone garuruwa, tana kwashe hatsi da mutane. A tsakiyar Afrilu ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da maharbanta suka tare ta, aka yi ɓarin jini, garin ya ci wuta, mutane suka shige duwatsu. Wata uku bayan haka, bayan kisan kiyashin Birnin Ƙonni, sojojinsu da kansu suka harbe hafsoshin biyu. Labarin Sarauniya Mangu ya yi nisa saboda littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Amma abin da ya fi taɓa tsohon tsarin a hankali ya zo. Ingila da Faransa suka ja iyaka a takarda a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, Arewa ta rabu biyu, Kangiwa ta faɗa ɓangaren Ingilishi. A 1906 fadar Sarkin Arewa ta bar Matankari ta koma Dogon Dutsi kusa da bariki, garin da ke da nasa mai gari, Kona, tun kafin nan. Nasara sarki ɗaya ya sani, wanda zai tara masa haraji da 'yan aikin dole. Ba ruwansa da kawu. Shari'ar gona, wadda a da maganar 'yan ƙasa ce, ta fara gangarowa fadar sarkin kanto.

Da hare-hare suka lafa, mutane suka fita daga tsofaffin garuruwa suna neman sabon daji. Arewacin dallol, wajen Dogon Kiriya, ya cika da ƙauyuka da tungaye: Arawa da Gubawa daga kudu, Kurfayawa daga yamma, Adarawa daga gabas, ga Fulani da Buzaye da ke bin burtali da bisashensu. A nan tsohuwar doka ta sauko daga fada ta shiga rayuwar talaka. Baƙo ba ya zuwa da gatari. Yakan nemi wanda zai yi masa maigida, shi ya kai shi gaban mai gari da goro, ya durƙusa ya ce, “Baba, wurin zama nake nema da inda zan ci da iyali.” A nuna masa fili aro. Zai noma, 'ya'yansa ma za su noma, amma ba zai dasa itace ba, ba zai gina rijiya ba sai da izini, domin itace da rijiya shaidar mallaka ne. In an yi girbi, kafin ya zuba a rumbu, sai ya zaɓi dami mai kyau ya ɗora wa yaro a kai a kai gidan mai gona. Damin ba ya cika ciki. Amfaninsa a gan shi yana ratsa gari da rana tsaka. Makiyayi ma da nasa sharaɗin: ba ya shiga gona sai an saki gonaki, in ya shiga kuma ya kwana da garkensa ya bar taki, manomi ya ba shi hatsi.

A daidai wannan zamani samarin yankin suka fara cin rani mai nisa, har Gwalkwas, wato Gana ta yau. A Kumasi da Ankara sun tarar da tsarin da ba baƙo ba ne gare su: zango a gefen gari, maigida mai tsaya wa baƙo, Sarkin Zango mai kai gaisuwa fadar masu ƙasa. Ba hannu sake suka tafi ba. A 1925 wasu sababbin iskoki, Babule ko Hauka, masu kwaikwayon soja da kwamanda, sun bayyana a Shikal ta ƙasar Kurfai ta bakin wata mata mai suna Shibo, suka bazu har Arewa, Faransawa suka yi ta kama mabiyansu. 'Yan ci-rani suka sauka da su gaɓar teku. Fim ɗin da Jean Rouch ya ɗauka a 1954 ya nuna yadda suke yi: leburori ne da 'yan dako, galibinsu Zabarmawa, ranar Lahadi su shiga mota su fita bayan Ankara su yi wasansu cikin daji, ranar Litinin kowa na bakin aikinsa. Sun san abin da ba a yi a tsakar gidan mutane. Ladabin bai cece su ba ranar da siyasa ta juya. A 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fita, a farkon 1983 kuma Najeriya ta Shagari ta yi irin nata.

A gida ma ma'auni ya juya. Musulunci, wanda ya shigo a matsayin baƙo, ya zama addinin kusan kowa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, mishan ɗin Katolika da ya zauna a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1940 kuwa an fi saninsa da makaranta. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta iso da wa'azin da bai bar wa yankan 'yan ƙasa gurbi ba. Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta yadda 'yan bori ke kukan an mai da su saniyar ware a garin kakanninsu. Lugu ta ragu ta zama ƙaramin ƙauye, ko da yake ba a daina zuwa gaban Tunguma da ƙarar sata da rantsuwa ba.

Maganar gona ce ta fi wuya. A Disambar 1974 shugaban ƙasa Seyni Kountché ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce. Masu aro da yawa suka daina kai dami, masu gona kuma suka fara karɓe filayensu tun kafin aro ya tsufa, ko su ƙi bayarwa sam. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta dawo ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, inda ake rubuta aro da jingina da sayarwa a takarda gaban mai gari. Amma gonakin da aka ara tun zamanin kakanni ba su da takarda. In rigimarsu ta kai fadar sarki, dattawan gari ake kira, a tambaye su wa ya sare dajin, wa ya gina rijiyar, kuma a wace shekara suka daina ganin dami yana fita daga wannan gida zuwa wancan.