Furotin ɗin da rashinsa ya tona asirinsa

Yau zan ba ku tarihin wani furotin da ke yawo a jininmu, ana ce masa MBL. Hanta ce ke ƙera shi. Aikinsa? Yana gane wani sukari mai suna manos a jikin ƙwayoyin cuta, sai ya manne musu, kamar mai ihun "ɓarawo!" a kasuwa, don fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye su.

Labarin ya faro ne a 1968, da likitoci a Amurka suka ga wata jaririya da ke fama da gudawa da ƙuraje da cututtuka ba ƙaƙƙautawa. Da aka gwada, sai aka ga ruwan jininta bai iya sa fararen ƙwayoyin jini su cinye yis. Wani abu ya ɓace, amma ba a san ko mene ne ba. A 1976, Soothill da Harvey a Landan suka samu irin wannan gibin a yara masu yawan laulayi, har ma da kusan 5 cikin 100 na masu lafiya garau.

Can a Japan kuwa, a 1978, Kawasaki da abokan aikinsa suka ciro furotin ɗin daga hantar zomo. Sai a 1989 rukunin Malcolm Turner suka haɗa zaren biyu: ashe ƙarancin MBL ne gibin nan.

To, ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. A 1992 aka gano wani sauyi a ƙwayar gadon furotin ɗin tsakanin mutanen Gambiya, kusan rabin manyan da aka gwada suna ɗauke da shi. Ku duba fa, a yankin da cututtuka suka yi katutu, abin da ke rage garkuwa ya bazu haka? Wasu masana na hasashen cewa ƙwayoyin tarin fuka da kuturta, masu son shiga cikin ƙwayoyin jini su ɓuya, suna cin moriyar MBL ne ya buɗe musu ƙofa. Ni dai hasashen ya kwanta min, amma har yau ana ta muhawara a kai.

A 2004, bincike kan manya 9,245 a Danmak ya nuna masu ƙarancin ba su fi sauran kamuwa da cuta ba. Inda aka fi zargin yana cizo shi ne yara daga wata shida zuwa shekara biyu, lokacin da kariyar da suka samo daga uwa ta ƙare, tasu kuma ba ta nuna ba.