Daga Tsingaro Zuwa Wayar Salula: Tarihin Ƙuri'a da Makomar Dimokuraɗiyya

Mai karatu, yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya mu leƙa tarihi, domin mu ga inda wannan aba da ake kira dimokuraɗiyya ta samo asali, da abin da ta iya, da abin da ya gagare ta, da kuma inda na'urorin zamani suka nufa da ita.

Masana tarihi sukan fara lissafi ne daga birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da wani shugaba mai suna Kilistenis ya mayar da yanke hukunci hannun taron 'yan gari. A kan wani tudu suke haɗuwa, a yi muhawara, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Suna kuma da wata al'ada: idan suna tsoron wani babba zai zame musu ƙarfen ƙafa, sai kowa ya rubuta sunansa a jikin tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa a kore shi daga garin har shekara 10. Sai dai fa mata da bayi da baƙi ba su da ta cewa, alhali su ne mafi yawan mazauna birnin.

Wani abu da ya faru a shekara ta 427 ya nuna kyawun tsarin da muninsa a lokaci guda. Mutanen wani gari mai suna Mitilini sun yi wa Atina tawaye, sai taron ya fusata, ya yanke a kashe duk mazan garin a bautar da mata da yara, aka tura jirgin ruwa da umarnin. Da gari ya waye zukata suka yi sanyi, aka sake zama, aka soke hukuncin, aka tura jirgi na biyu ya bi sawun na farko, ya kuwa isa kafin a zartar. Jama'a na iya yin mummunan kuskure cikin fushi, amma tsarin ya bar musu ƙofar gyara. Shi kuwa malamin falsafa Sukurat bai samu wannan sa'a ba, don a shekara ta 399 masu shari'a kimanin 500 suka yanke masa hukuncin shan guba, ya kuma sha.

Ɗaga hannu a bainar jama'a yana da illa, domin talaka ba zai iya saɓa wa mai gidansa ido na ganin ido ba. Wannan ne ya kawo ƙuri'ar sirri, wadda aka fara a Ostireliya a 1856, Birtaniya ta ɗauka a 1872.

A Arewacin Nijeriya ma an sha wannan gwagwarmaya. A zaɓen 1951 hawa-hawa ake yi, wakilai su zaɓi wakilai, ga kuma En'e da damar cusa nata mutanen a tsakiya. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi rawar gani a matakin farko, amma kafin a kai matakin ƙarshe an tace ta tas. Matan Arewa kuwa, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan maganar, ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

To mene ne amfanin duk wannan wahala? Babban amfaninta shi ne a sauke mai mulki ba tare da an zubar da jini ba. An ga haka a watan Maris na 2015, lokacin da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya amince da shan kaye, karo na farko ke nan da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Nijeriya. Rauninta kuma shi ne ƙuri'a ba ta iya kare kanta. Zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda Abiola ya doke Bashir Tofa har a Kano, da sanarwa ɗaya sojoji suka rushe shi. A Nijar, Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum mulki a 2021, amma ran 26 ga Yuli 2023 masu tsaron fadarsa suka tsare shi. Ga kuma sayen ƙuri'a da taliya da sabulu, wanda yunwa ke wa zagi.

Da kwamfuta da intanet suka zo, mutane da yawa sun ɗauka magani ya samu. Ƙasar Istoniya ta fara zaɓe ta intanet a 2005, kuma a zaɓen majalisarta na 2023 fiye da rabin ƙuri'un ta nan aka jefa su. Amma mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, kuma kusan kowa na da katin shaida mai aiki da na'ura. Jamus kuwa baya ta ja: a 2009 kotun tsarin mulkinta ta hana amfani da na'urorin zaɓen da aka yi aiki da su, bisa hujjar cewa dole ne ɗan ƙasa ya iya bin diddigin ƙirga ba sai ya zama gwanin kwamfuta ba. A Kenya ma, a 2017 kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda tangarɗa wajen aika sakamako.

A Nijeriya, na'urar tantance kati ta 2015 da BVAS ta 2023 sun rage zaɓen matattu da dangwale barkatai. Sai dai a daren 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin hukumar zaɓe a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari, shakku kuma ya shiga zukata. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne kawai suka fito.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa tun kafin ranar zaɓe. A 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook har kusan miliyan 87 domin harkar kamfe. Yanzu kuma an kai ga na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, a watsa ta WhatsApp kafin a yi sallar la'asar ya zaga ƙasa. Mutanen Atina sun samu dare guda suka huce. Mu kuwa ƙarya kan riga gaskiya isa kowace waya.

Saboda haka, mai karatu, na'ura za ta iya hanzarta ƙirga, ta kuma ba wakilin jam'iyya damar ɗaukar hoton takardar sakamako a rumfarsa ya ajiye shaida. Amma riƙon amanar jami'in zaɓe, da tsayuwar alƙali a kan gaskiya, da haƙurin wanda ya faɗi, duk suna nan a hannun mutane kamar yadda suke tun zamanin tsingaro. Namu shi ne mu bincika saƙo kafin mu tura, mu fita ran zaɓe, mu kuma tsaya har a ƙirga a gabanmu.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya sa mu ma mu zama mabiya nagari, amin.