Ƙaruwar Jama'a a Ƙasar Daura a Farkon Mulkin Turawa



In aka ce jama'ar ƙasar Daura ta ƙaru a farkon mulkin Turawa, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne haihuwa. Ni kuwa a ganina, waɗanda suka shigo da ƙafarsu sun fi waɗanda aka goya yawa.

Tun da jihadi ya ci Daura a 1805, ƙasar ta rabu uku: Fulani a birni, zuriyar Sarki Gwari Abdu kuma a Zango da Ɓaure. Daga baya Damagaram ta yi ƙarfi, ta addabi yankin da hare-hare. A irin wannan zamani talaka ba ya nisa da ganuwa; gona komai kyanta, in ta yi nesa da gari, ta zama daji. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903, sai hari ya ƙare. A 1906 aka mai da Malam Musa na Zango birnin kakanninsa, ƙasar ta koma hannun sarki ɗaya. Mutane suka fito suna saran daji, tungaye suka zama ƙauyuka.

Sai kuma iyaka, wadda aka shata tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa dangi, amma bai hana su zumunci ba. Mutumin Magarya ko Kance wanda aikin tilas ya dama, ko ya ji ana ɗiban soja lokacin yaƙin 1914, tafiyar yini guda ta ishe shi ya kwana gidan ɗan'uwansa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe mutane a nan ma, amma ta koro waɗansu daga arewa, kuma ba duka suka koma ba. Ga shi jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, jigawar Daura kuwa ƙasar gyaɗa ce.

Amma a yi hattara da alƙaluman wancan lokaci. Don haraji aka yi ƙidayar, kuma ba mai gaggawar a rubuta sunansa a takardar da za ta ci masa aljihu. Sau da yawa in lissafi ya hau, malamin haraji ne ya kai ga tungar da bara bai san da ita ba.